Na'ura Ba Ta Rantsuwa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aiki, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ofisoshi da bankuna da manyan kantunan ƙasar nan, wadda da zarar an faɗe ta sai gardama ta ƙare, kowa ya kama bakinsa. Maganar kuwa ita ce, "Haka kwamfuta ta nuna." Ma'aikaci ya zo cigiyar albashinsa, a ce masa babu sunansa a kwamfuta. Ɗan kasuwa ya aika da kuɗi, sun fita daga asusunsa ba su isa inda aka tura su ba, a ce masa kwamfuta ta nuna sun tafi. Mai maganar yakan faɗe ta ne kamar wanda ya dafa littafi ya rantse. Nufina a wannan maƙala shi ne in nuna cewa wannan magana ita kaɗai ba ta isa hujja ba, kuma mu da muke shirin zama a gaban waɗannan na'urori mu ne ya fi cancanta mu san dalili.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san abin da masana sha'anin kasuwanci suke nufi in sun ce tsarin bayanai, domin da yawa daga cikinmu sun ɗauka wani sabon suna ne aka laƙaba wa kwamfuta. Ɗauki babban ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Yaronsa na tsaye bakin sito yana rubuta buhu nawa ya shigo, daga hannun wa, a kan nawa. Wani yana riƙe da littafin bashi. Da yamma akawu ya haɗa lissafi, ya kai wa maigida, shi kuma ya duba ya yanke shawarar ko gobe saye za a yi ko sayarwa. To, wannan tsarin bayanai ne cikakke, ko da yake babu lantarki a cikinsa. An tattara labari, an adana, an sarrafa shi, sa'an nan an isar da shi ga wanda zai yi hukunci da shi. Duk wani tsari na duniya, kome girmansa, waɗannan ayyuka yake yi.

Abin lura a nan shi ne bambancin ɗanyen bayani da nunanne. In an ce buhu 40 ya fita ranar Litinin, 25 ranar Talata, wannan ɗanye ne, ba ya gaya wa maigida abin da zai yi. Amma in akawu ya ce masa masarar da ke sito ba za ta wuce kwana uku ba, kuma rabin bashin da ake bin mutane yana wuyan mutum biyu ne kacal, to, bayani ya nuna, ya zama abin da za a iya aiki da shi. Amfanin tsarin ke nan ga kasuwanci: ƙaramin ma'aikaci ya san abin da ya shiga da abin da ya fita, manaja ya san inda ake riba da inda ake yoyo, shugaba kuma ya san ko lokacin buɗe sabon reshe ya yi. Tun 1494 wani malami ɗan ƙasar Italiya mai suna Luca Pacioli ya buga littafi a birnin Benis, inda ya bayyana yadda 'yan kasuwar garin suke rubuta kowane ciniki sau biyu, a ɓangaren shiga da ɓangaren fita, domin in an yi kuskure jimillar biyu su ƙi daidaita, asiri ya tonu. Watau tun kafin a yi mafarkin kwamfuta, masu hankali sun gane cewa littafin kirki shi ne wanda yake iya kama kuskuren kansa.

Da kwamfuta ta shigo sai aka ce tsarin yana tsaye ne a kan abubuwa biyar: na'ura, da manhajar da ke ba ta umarni, da bayanan da ake zuba mata, da ƙa'idojin aiki, da kuma mutane. Biyun farko da kuɗi ake sayensu, kuma su ne ake ɗaukar hotonsu ranar bikin buɗewa. Sauran ukun kuwa babu kantin da ake sayar da su. Domin in nuna nauyin waɗannan uku, zan kawo labari biyu, dukansu daga Birtaniya, waɗanda wani zare ya haɗa su.

Na farko labarin masu shayi ne. In aka tambayi mutum wane ne ya fara sa kwamfuta aikin ofis a duniya, zai yi tsammanin wani banki ne ko kamfanin jiragen sama a Amurka. Ashe kamfanin J. Lyons ne na birnin Landan, wanda sana'arsa gasa burodi da kek da sayar da shayi a kantuna sama da 200. Ciniki ne na kwabo da sisi, riba ƙanƙanuwa a kan kowane kofi, saboda haka in akawuna suka yi yawa ko aka gasa burodin da ba a saye ba, ribar ta tafi. Wannan ya sa tun 1923 suka ɗauki wani gwanin lissafi daga Jami'ar Kambirij mai suna John Simmons, wanda daga baya ya kafa ofishi na musamman da ba shi da wani aiki sai binciken yadda takarda take yawo a kamfanin: wa ya rubuta ta, wa ya karanta, me aka yi da ita, kuma shin ana ma bukatarta?

A 1947 suka aika da ma'aikatansu biyu Amurka su ga sababbin dabarun ofis. Can suka ji labarin na'urar lissafi mai aiki da lantarki, aka kuma gaya musu ai ana ƙera irinta a gida, a Kambirij, ƙarƙashin Maurice Wilkes. Da suka dawo kamfanin ya taimaka wa jami'ar da fam 3,000, ya kuma ba ta aron ma'aikaci guda. Da na'urar jami'a ta fara aiki a 1949, sai Lyons suka ƙera tasu a kan fasalinta, suka sa mata suna LEO. Ta cika babban ɗaki, tana da ƙwayayen lantarki kusan 6,000. A watan Nuwamba na 1951 ta fara lissafin kayan da gidajen burodin kamfanin suke fitarwa kowane mako, kuma wannan shi ne karo na farko da kwamfuta ta riƙa yin aikin kasuwanci a kai a kai. A 1954 ta karɓi lissafin albashi. Takardar albashin mutum ɗaya da ƙwararren akawu yake shafe minti 8 a kanta, LEO takan gama ta cikin sakan ɗaya da rabi.

Amma aikin da ya fi burge ni shi ne na odar kantuna. A da, kowace manajar kanti sai ta zauna ta cika tulin takardu kullum tana neman kayan gobe. Mutanen Simmons, musamman David Caminer, suka je suka zauna da matan nan, suka ga yadda suke aiki, suka gano cewa yawancin odar ba ta canzawa daga mako zuwa mako. Sai aka yi wa kowane kanti tsayayyar oda, da rana manaja ta buga waya ta faɗi abin da take so a ƙara ko a rage kawai, bisa ga yanayin gari da abin da ta gani da idonta. Da dare na'ura ta fitar da abin da za a gasa, da yadda za a ɗaure kaya, da motar da za ta kai. Ku lura da wanda aka bar wa hukunci: matar da ke tsaye a kanti. Daɗin daɗawa, kowane aiki sai sun sa masa hanyar gwada jimilla da jimilla, irin ta Pacioli, domin sun san na'urarsu tana iya tuntuɓe, kuma tana yi. Sun shafe shekaru fiye da 20 suna nazarin aikinsu kafin su ƙera inji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga zaren da na ambata. Lyons sun kafa kamfanin ƙera kwamfuta a 1954, ya haɗe da English Electric a 1963, daga nan aka narkar da shi cikin kamfanin ICL a 1968, shi kuma ICL daga baya kamfanin Fujitsu na ƙasar Japan ya saye shi. Wannan ICL ɗin, jikan masu shayi, shi ne ya gina wa Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya wani tsari mai suna Horizon, wanda aka fara bazawa a 1999. Labari na biyu ke nan, kuma ba mai daɗin ji ba ne.

A can, yawancin ƙananan gidajen waya na ƙauyuka da unguwanni ba ma'aikatan hukuma ne ke riƙe da su ba. Masu kanti ne suke ƙulla yarjejeniya da hukumar su zama wakilanta, suna sayar da kan sarki, suna biyan tsofaffi fansho, suna karɓar kuɗin jama'a. Hukumar ta ɗauka cewa duk giɓin da aka samu a lissafi wakili ne zai cike daga aljihunsa. A zamanin takarda wannan bai zama bala'i ba, domin in lissafi ya ƙi, mutum yana iya baje rasitansa a tebur ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya ga inda aka yi kuskure. Da Horizon ta zo sai cikakken lissafin ya koma cikin na'ura, inda wakili ba ya iya bin sawunsa. Allo ya nuna masa ana binsa fam dubu kaza, shi ke nan. Kuma kafin ya buɗe sabon lokacin ciniki sai ya amince da abin da allon ya nuna.

Alhali kuwa manhajar tana da aibobi. Akwai wanda aka gano a wani gari mai suna Dalmellington a Sikotlan: allo yakan daskare lokacin da ake tabbatar da karɓar kuɗi, mai aiki ya sake danna maɓalli yana zaton bai shiga ba, na'ura kuwa tana ƙirga kowace dannawa a ɓoye. A wannan reshe kaɗai giɓin ƙarya na fam 24,000 ya bayyana. Wakilan da suka buga waya neman taimako, da yawansu an gaya musu cewa su kaɗai ne ke da wannan matsala. Bugu da ƙari, ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga lissafin reshe daga nesa su taɓa alƙaluma, abin da hukumar ta shafe shekaru tana musantawa.

Sakamakon fa? Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da wakilai fiye da 900 bisa zargin sata ko zamba ko ƙaryar lissafi, kuma kimanin 700 daga ciki hukumar ce da kanta ta shigar da ƙarar, watau ita ce mai kuka, ita ce mai bincike, ita ce mai gabatar da ƙara. An ɗaure mutane da dama, har da wata mata mai juna biyu a 2010. Wasu sun sayar da gidajensu sun biya kuɗin da ba su taɓa ɓata ba. Wasu sun amsa laifin ƙaryar lissafi domin a janye zargin sata su tsira daga kurkuku. Mutumin da ƙauye duka ya sani da amana ya wayi gari ana nuna shi da baki. Rahoton farko na kwamitin bincike ƙarƙashin Sir Wyn Williams, wanda ya fito a 2025, ya nuna cewa mai yiwuwa mutum 13 ko fiye sun kashe kansu saboda wannan al'amari.

Mai karatu zai ce, ina alƙalai suke? A nan ne abin ya fi ban tsoro. A 1999 majalisar dokokin ƙasar ta soke wata ƙa'ida da ta wajabta wa mai ƙara ya nuna cewa kwamfuta tana aiki daidai kafin a karɓi shaidarta. Daga nan kotunan Ingila suka koma ɗaukar cewa na'ura lafiyarta ƙalau, sai in wanda ake tuhuma ya kawo hujjar akasin haka. To, yaya mai kantin ƙauye zai kawo hujja a kan manhajar da ba a bar shi ya leƙa cikinta ba?

Wanda ya ƙi sunkuyar da kai shi ne Alan Bates, wani wakili a yankin Wales, wanda ya ƙi sa hannu a kan lissafin da ba zai iya tantancewa ba, aka ƙwace wakilcinsa a 2003. A 2009 mujallar Computer Weekly ta buga labarin wasu daga cikinsu, a shekarar kuma suka kafa ƙungiya, kowa ya gane ashe ba shi kaɗai ba ne. Su 555 suka kai ƙara, a 2019 Mai Shari'a Fraser ya yanke cewa lalle Horizon tana da aibobin da ke iya haifar da giɓin ƙarya. Aka sasanta a kan kimanin fam miliyan 58, amma kuɗin shari'a ya cinye mafi yawansu. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a zama ɗaya, sa'an nan a 2024, bayan wani wasan kwaikwayo na talabijin ya tayar da hankalin jama'a, majalisa ta yi doka ta musamman ta soke hukuncin ɗaruruwa. Shekara 25 ke nan daga farawa.

A ganina, aibin manhaja ba shi ne babban laifi a wannan labari ba. Babu babbar manhaja a duniya da ba ta da aibi, kuma LEO da ƙwayayen lantarkinta ta fi Horizon yawan lalacewa nesa ba kusa ba. Inda aka rabu shi ne a ƙa'idoji da mutane. Masu shayi sun gina tsarinsu a kan cewa na'ura tana kuskure, ma'aikaciya kuma ta san aikinta. Gidan waya ya gina nasa a kan cewa na'ura ba ta kuskure, wakili kuma ɓarawo ne da bai samu dama ba. Ƙorafin ɗaruruwan mutane shi kansa bayani ne, kuma bayani mai daraja, amma ba a yi masa ƙofar shiga ba. Da wani ya tara kiran wayar nan ya ƙirga su, kamar yadda akawun Dawanau yake ƙirga buhuna, da an gane gaskiya cikin shekara guda.

Kada wani ya fahimce ni a karkace, ya ce ina kiran a koma zamanin fayil mai ƙura da ɗan aike. Wanda ya taɓa jin an ce fayil ɗinsa ya ɓata, sai ya ga ya bayyana bayan an ba da na goro, ba zai yi begen wannan zamani ba. Tsarin bayanai na kirki maƙiyin ɓarawo ne. A nan gida, bayan da aka fito da lambar BVN ta bankuna a 2014, aka gwada ta da jerin masu karɓar albashi, Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ba da sanarwa a farkon 2016 cewa ta cire sunayen ma'aikatan bogi fiye da 23,000. Babu akawun da zai iya wannan da biro. Haka kuma mai kantin da ya san abin da ke kan kantarsa a kowace sa'a ya fi wanda sai ƙarshen shekara yake gane an yashe shi. Amma ƙarfin da ke cire sunan bogi cikin daƙiƙa, shi ne kuma ke iya cire sunan malamin makaranta na gaske, kuma in babu inda zai kai kuka a saurare shi, to, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dubi yawan matasanmu da suke zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS: matsayinsu bai rasa kama da na wakilan gidan wayan nan ba, domin su ma kuɗi na bi ta hannunsu, cikakken lissafin kuwa yana wurin wani kamfani.

Saboda haka ina kira ga sassan da ke koya mana kasuwanci da akanta da mulki da kimiyyar kwamfuta su daina raba mu gida biyu, masu sanin inji ba su san ciniki ba, masu sanin ciniki suna tsoron inji. Ɗalibin kwamfuta ya kamata a tura shi kasuwa ya zauna da mai sito mako guda kafin ya rubuta layi ɗaya na manhaja, kamar yadda Caminer ya zauna da matan kanti. Ɗalibin akanta kuma a koya masa ya tambayi duk mai tallar sabon tsari: wa ke da ikon canza alƙalami bayan an shigar da shi, kuma in ya canza, ina sawunsa yake zama? Shin wanda lissafin ya shafa yana iya ganin cinikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya buga a takarda ya tafi da shi gida? In ya ce bai yarda ba, wa zai duba, kuma shin mai dubawar yana cin abinci ne a hannun wanda ya sayar da tsarin? Kamfanin da ya kasa amsa waɗannan, kome kyan allonsa, kada a sa masa hannu.

Ku kuma yayyenmu da ke ofis, in mutum ya zo ya ce abin da allo ya nuna ba haka yake ba, ku rubuta ƙorafinsa da kwanan wata, ku ajiye. In na biyu ya zo da irinsa, ku haɗa su ku kai gaba a rubuce. Wannan ba rashin biyayya ba ne, yana daga cikin aikin da aka ɗauke ku dominsa. Dokar ƙasarmu ma ba ta yarda a karɓi maganar na'ura haka kawai ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shimfiɗa sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi takardar da kwamfuta ta fitar, daga ciki har da cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin da abin ya faru, kuma ya tanadi takardar shaida wadda mai riƙe da muƙami a kan aikin zai sa wa hannu. Nan da 'yan shekaru kaɗan, wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla ne za a miƙa wa biro a ce su sa hannun, wani bawan Allah kuma yana tsaye a akwatin tuhuma yana jira.